Wa Ke Gwaji a Jikin Wa?

Wannan rubutu gardama ce da na kasa ƙarasawa a fada, shi ya sa na kawo ta takarda, inda babu mai katse ni da "kai dai sha shayinka".

Tsakiyar damana ne, muna zaune bayan isha'i, sauro na ta hidimarsa a ƙafafunmu, sai wani abokinmu ya kunna mana saƙon murya na WhatsApp. Mai maganar yana da murya irin ta masu tallan magani a tasha. Yana rantsuwa wai Turawa sun haɗo sabon maganin palu suna gwada shi a jikin yaran Afirka, duk uwar da aka ce ta kawo ɗanta a sa shi cikin bincike, ta goya shi ta gudu. Bai faɗi sunan maganin ba, bai faɗi garin ba, bai faɗi sunansa ba. Amma kafin a zuba shayi na biyu, kusan kowa a fadar ya yarda. Wani ya ce: "To mi ne sabo? Ai mu ne ɓerayensu tun tuni." Kuma dukanmu masu bak ne, wasunmu na shekara ta uku a jami'a.

Ga abin da ya ƙona mini rai. Shi wanda ya kunna saƙon, a satin nan masassara ta kama shi. Bai je likita an ɗiba jininsa ba. Yaro ya aika wurin mai tebur aka sayo masa kinin palu, irin mai guda 24. Ya sha kwana biyu, jiki ya yi sauƙi, ya ninke sauran takwas ya sa aljihu, wai "don gaba". Mutumin da ke tsoron a yi gwaji a jikinsa, shi da kansa ya buɗe ɗakin gwaji a cikin jininsa, ya ba ƙwayar palu maganin da zai gigita ta amma ba zai gama da ita ba. Babu likita a kai, babu rajista, babu mai bin sawu. Irin wannan gwajin ake yi kullum a Maraɗi da Damagaram da Tawa da Yamai, a gida dubu nawa, kuma mai cin ribarsa ɗaya ce: ƙwayar cutar.

Maganata ke nan a dunƙule. Gwaji dai ana yin sa, ko mun so ko mun ƙi. Abin da ya rage mana shi ne mu zaɓa tsakanin gwajin da palu ke yi a jikinmu a makance da gwajin da mutum ke yi ma palu da ido buɗe.

Ku tambayi iyayenku Nivaquine. A zamaninsu ita ce sarauniya: ɗaci kamar maɗaci, araha kamar ruwa, kuma tana aiki. Wajen ƙarshen shekarun 1950 aka fara ganin ƙwayar palu da ba ta jin ta, a kan iyakar Tailan da Kambodiya, da kuma can Kolombiya. A 1978 abin ya bayyana a gabashin Afirka, Kenya da Tanzaniya. Cikin shekarun 1980 ya iso Afirka ta Yamma. Ba da ganga ya zo ba, babu sanarwa a rediyo. Uwa dai ta ba ɗanta maganin da ta saba, masassara ta lafa, bayan sati biyu ta dawo, jini na ƙarewa, sai a ce mayu ne ko iska. Mutuwar yara da palu ta ƙaru ƙwarai a ƙasashen Afirka a waɗannan shekaru, kuma gwamnatoci suka daɗe suna riƙe da maganin da ya riga ya mutu, don babu na canji mai araha. Aka koma Fansidar, shi ma bai daɗe ba ƙwayar ta koye shi. Sai a tsakiyar shekarun 2000 Nijar ta koma magungunan haɗi masu artemisinin, su Coartem da muke sha yau.

To yanzu tarihin yana sake tafiya a kan sawunsa na da. Wajen 2008 zuwa 2009 aka tabbatar cewa a yammacin Kambodiya ƙwayar palu ta fara jinkirin mutuwa in an ba ta artemisinin. A 2014 masu bincike suka gano inda canjin yake, wani gurbi a cikin tsarin halittarta da ake kira kelch13. Aka yi ta addu'a kada abin ya ƙetaro teku. Bai ma buƙaci ƙetarowa ba, a nan ya tsiro da kansa: aka ba da rahotonsa a Ruwanda a 2020, a arewacin Uganda a 2021, sannan Eritiriya da Tanzaniya. A watan Nuwamba na 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta fitar da tsari na musamman don tunkarar wannan bijirewa a Afirka. Daga Eritiriya zuwa nan, Sudan da Cadi ne kawai a tsakani, kuma kun san yadda mutane ke bin hanyar nan, da fatake da ƴan gudun hijira da masu zuwa Makka ta ƙasa. Sauro ba ya neman biza, jinin matafiyi kuma ba a bincikarsa a duwan.

Kada wani ya tashi daga nan ya ce na ce Coartem ya daina aiki. Yana warkarwa har yanzu in an sha shi cikakke. Dalili shi ne magani biyu ne a cikin kini guda. Na farkon, artemeter, kamar mai sara da gatari yake: cikin sauri yake kashe mafi yawan ƙwayoyin, amma sa'o'i kaɗan yake yi a jiki ya fita. Na biyun, lumefantirin, shi ke zama kwanaki yana share waɗanda suka saura. Shi ya sa ake cewa sau shida cikin kwana uku, kuma da abinci mai maiƙo ko madara don na biyun ya shiga jiki sosai. In na farkon ya yi rauni, dukan nauyi ya koma kan na biyun, shi kuma ba zai daɗe yana ɗauka shi kaɗai ba. Mai masassara yana iya ɗauke da ƙwayoyin palu biliyoyi a jininsa. A cikin wannan taro, in akwai ƴan kaɗan masu taurin kai, rabin magani zai kashe masu rauni ya bar musu fili. Sauro ya ciji mutumin ya kai su gidan maƙwabci. Haka ake kiwon bijirewa, kamar yadda manomi ke zaɓen iri.

Sannan ga wata ɗabi'a tamu: da kai ya yi ciwo, "a yi mini pikir". Allurar artemeter ko artesunat ta palu mai tsanani ce, ta yaron da ke suma ko ya kasa haɗiye komai, kuma ko shi sai an bi shi da kinin kwana uku. Mu kuwa mun mai da ita abin gayu. Ita kaɗai ce, babu abokin tafiya a cikinta. Ranar da ƙwayar ta daina jin ta, mi za a yi ma yaron da aka kawo a sanƙare ƙarfe biyu na dare?

Kuma mu ba ƴan kallo ba ne a wannan magana. Rahoton OMS na 2024 ya ce a 2023 palu ya kama mutum miliyan 263 a duniya, ya kashe wajen 597,000, kashi 95 cikin ɗari a Afirka, mafi yawansu yara ƴan ƙasa da shekara biyar. Ƙasashe huɗu ne suka ɗauki sama da rabin mutuwar: Najeriya, Kwango ta Kinshasa, Nijar, Tanzaniya. Mu ne na uku, da kusan kashi 6 cikin ɗari na mamatan duniya baki ɗaya. Ƙasar da ke wannan matsayi ita ce za ta ce ba ta son a nemo sabon magani?

Yanzu bari in faɗi yadda ake gwajin, don na lura masu cewa "ɓeraye" suna zaton Bature na tashi da safe ya dama wani abu a kwalba ya nufo ƙauye da shi.

Tun 1976, lokacin da Trager da Jensen suka gano dabarar, ana iya kiwon ƙwayar palu a labo, a cikin jinin mutum da aka zuba a faranti, a ɗumin jiki, digiri 37. Akwai irin da ke jin magani, kamar wanda ake kira 3D7, akwai masu taurin kai kamar Dd2 da K1. Ana ɗauko sinadari a zuba musu, kaɗan a wannan rami, da yawa a wancan, a jira kwana biyu ko uku, a ga gwargwadon da ke tsayar da rabin ƙwayoyin. In sinadarin ya kashe mai jin magani ya kasa mai taurin kai, an yar da shi. Don gane masu bijire ma artemisinin akwai gwaji na musamman: a ɗauki ƙwayar tana jaririya, ƴan sa'o'i bayan ta shiga jan ƙwayar jini, a jiƙa ta da maganin sa'a shida, a wanke, a jira har sa'a 72 ta cika, a ƙirga waɗanda suka rayu. In sun wuce ɗaya cikin ɗari, akwai magana.

Yawan abin da ake tacewa ya wuce hankali. A 2010 kamfanin GSK ya bayyana cewa ya gwada sinadarai kusan miliyan biyu, wajen 13,500 suka nuna alamar kashe ƙwayar, ya kuma saki jerin don kowa ya yi aiki a kai. Daga irin wannan tuli, ɗai-ɗai ne ke wuce gwajin guba a ƙwayoyin jikin mutum, su wuce ɓeraye na gaskiya masu wutsiya, kafin a kai ga ɗan Adam. Ko a ɗan Adam ɗin, da manya masu lafiya da suka yarda da kansu ake farawa, sannan manya marasa lafiya, yara su ne na ƙarshe. Kuma ana yar da magani ko an yi nisa da shi. Akwai MMV048, wanda tawagar Farfesa Kelly Chibale, ɗan Zambiya, ta gano a jami'ar Cape Town ta Afirka ta Kudu. Abin alfahari ne ga nahiyar nan, har ya kai ga gwaji a jikin mutane, amma daga baya aka dakatar da shi. Ba a ce don namu ne a rufe ido ba.

Wanda ya fi nisa yanzu shi ne ganaplasid, na kamfanin Novartis tare da ƙungiyar MMV ta Janeba. Shi ma daga tace sinadarai sama da miliyan biyu ya fito, kuma ba dangin artemisinin ba ne, ta wata hanya dabam yake kashe ƙwayar. Manya a Tailan da Biyetnam sun sha shi shekaru kafin a ba yaron Afirka. An haɗa shi da lumefantirin, ana sha sau ɗaya a rana har kwana uku. A watan Nuwamba na 2025 aka bayyana sakamakon babban gwajinsa: mutum 1,668 a ƙasashen Afirka 12, ya warkar da kashi 97.4 cikin ɗari, Coartem kuma 94. Sama da shekara goma aka ɗauka kafin a zo nan. Ita kuwa ƙwayar palu duk sa'a 48 take sabon zagaye a jini. Ku auna wa ya fi wani gudu.

Na san abin da za a ce mini, don an faɗa a fada: "Kano fa?" To, Kano gaskiya ce, kuma duk wanda ya ce a manta da ita ba ɗan'uwanmu ba ne. A 1996, ana tsakiyar annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Kano. Yara 200 aka sa cikin gwajin, 11 suka mutu, wasu suka nakasa. Iyaye suka ce ba a gaya musu gwaji ba ne, takardar izinin da aka nuna kuma ta zama abin tuhuma. Aka yi ta shari'a har 2009, da aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dalar Amurka miliyan 75. Dafin abin bai tsaya nan ba, yana cikin abin da ya sa mutane suka guji rigakafin shan inna a 2003. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle, ban ga laifinsa ba.

Amma ku duba mi ya ɓaci a Kano. An ɓoye ma iyaye gaskiya, babu mai sa ido na ƙwarai, an zo a gaggauce an tafi a gaggauce. Maganin wannan shi ne sa ido. Kuma tunda ana tuna tarihi, a tuna namu na gida: a annobar sanƙarau ta 1995 a nan Nijar, an yi ma mutum sama da 50,000 allurar rigakafi ta jabu, wadda babu komai a cikinta, OMS ta ƙiyasta mutum 2,500 suka mutu sanadin haka. Wannan allura ba gwaji ne ya kawo ta ba, rashin gwaji ne ya bar ta ta wuce. Mai saƙon murya bai taɓa ambatarta ba. Bai kuma ambaci kinin da ke gasuwa a rana a kan tire a kasuwa ba, alhali OMS ta ce a 2017 ɗaya cikin goma na magungunan da ke yawo a ƙasashe irin namu jabu ne ko marar inganci. Kinin da ke da rabin ƙarfinsa daidai yake da rabin magani: makaranta ce ga ƙwayar palu.

Sai masu cewa mu koma na gargajiya, ganyen bedi da tazargade sun ishe mu. Madalla. Shi kansa artemisinin daga wani ganye dangin tazargade ya fito, wanda ƴan Sin suka daɗe suna sha don masassara. Amma ta yaya ya zama magani? Tu Youyou da tawagarta, a wani shirin gwamnatin Sin da aka fara a 1967, sun bi girke-girken gargajiya sama da 2,000, sun gwada ɗaruruwan tatattun ruwan itatuwa, mafi yawa suka faɗi. Samfuri na 191 ne ya yi aiki, a 1971, bayan ta gane cewa tafasawa na lalata sinadarin. A 2015 aka ba ta kyautar Nobel. Da ta tsaya a "kakanninmu sun sha", da babu Coartem. Shayin ganye kuwa, yau ya yi ƙarfi gobe ya yi salam, babu mai sanin awon da ke cikin kofi, shi ya sa OMS ba ta yarda da shi a matsayin maganin palu ba. Ni ban raina itatuwanmu ba. Raini shi ne a bar su a bakin mai lasifika a tasha, a ƙi kai su faranti a ga wanne ke kashe Dd2 wanne kuma ɗaci ne kawai.

Inda nake da faɗa na gaske, ba da mai saƙon murya ba ne, da mu ne da masu riƙe da mu. Ƙwayar palu ta Gaya ba lalle ta zama irin ta Kampala ba. Yaron Madarunfa da ke fama da tamowa, jikinsa ba ya karɓar magani kamar na babban mutum a Tailan. In ba a gwada magani a kan ƙwayoyinmu da yanayin yaranmu ba, za a auna shi da jikin wasu a kawo mana mu haɗiye. Wannan shi ne zama ɓera na gaskiya: a ba ka abin da ba a taɓa tambayar jikinka ba. Ku dubi Mali. Farfesa Abdoulaye Djimdé na Bamako shi ne ya jagoranci binciken da aka buga a 2001, wanda ya tabbatar da alamar da ake gane ƙwayar da ta bijire ma kulorokin, sinadarin da ke cikin Nivaquine, kuma da jinin marasa lafiyar Mali aka yi aikin. Shi ya jagoranci gamayyar WANECAM-2 da ta yi aiki a kan ganaplasid. Ba Bature ba ne, kuma ba daga sama ya faɗo ba, ɗalibi ne da ya zauna gaban mikroskof ya ƙi tashi.

Mu ma ba hannu rabbana muke ba. Akwai CERMES a Yamai, akwai shirin ƙasa na yaƙi da palu, akwai kwamitin ƙasa mai duba ɗa'ar bincike, akwai jami'o'i a Yamai da Maraɗi da Damagaram da Tawa. Amma bin sawun magani aiki ne na kullum: a ba mara lafiya kini, a duba jininsa rana ta uku, a bi shi har kwana 28 ko 42, in masu komawa ciwo sun wuce goma cikin ɗari a canza magani. Wannan yana son wutar da ba ta yankewa, da firjin, da kayan aiki, da albashin mai bincike. Ƙasar da ta ce ta ƙwaci ƴancinta, ya kamata a ga ƴancin a kasafin kuɗin labo. In kullum sai mai ba da tallafi daga waje ya biya kafin mu san ko maganinmu na aiki, to ranar da ya rufe jakarsa mun makance. Kuma ɗalibi nawa ne a cikinmu ke mafarkin wannan aiki? Kowa duwan, kowa ONG, kowa mota mai farar lamba. Mun iya yajin karatu a kan burs, kuma da gaskiyarmu. Ban taɓa ganin an ɗaga allo a kan kayan labo ba.

In gobe masu bincike suka zo garinku, kada ka ce ma innarka ta gudu, kada kuma ka ce ta dangwala yatsa kawai. Kai ne mai karatu a gidan, je ka zauna kusa da ita. Tambayi sunan maganin da inda aka riga aka gwada shi. Nemi ganin izinin kwamitin ɗa'a na ƙasa. A karanta mata takardar yarda da Hausa, ba da Faransanci a gurguje ba. Ta san tana da ikon cewa a'a, ko ta janye ɗanta a tsakiya, kuma a ci gaba da yi masa magani kamar kowa. A faɗi wa zai biya in wani abu ya samu yaron, da sunan likita ɗan ƙasa da za a kama. A kuma faɗi ko za a dawo a gaya ma gari abin da aka gano. In sun amsa, to. In sun yi ta kame-kame, a nan ne za ka yi naka saƙon murya, da suna da gari da rana.

Bayan sati biyu na sake haɗuwa da abokin nan namu. Na ce ya ba ni kini takwas ɗin nan in gani, ko kwanan watansu bai wuce ba. Ya laluba aljihu ya yi dariya, ya ce ai babu su. Ɗiyar yayarsa ce jikinta ya yi zafi ranar Juma'a, ya ɓalle huɗu ya ba uwar ta riƙa ba ta rabi-rabi, sauran huɗun kuma wani maƙwabci ya karɓa.